Yadda Ake Sa Karatu Ya Zauna: Mai da Hankali, Riƙewa da Tunowa

Ɗalibi ya karanta shafi sau uku, yana ji a ransa ya iya. Ya rufe littafi, aka ce ya faɗi abin da ke ciki, sai ya kawo layi biyu ya tsaya. Nan take a ce ba shi da kai, shi ma ya yarda. A mafi yawan lokuta kansa lafiya lau yake. Matsalar ita ce ya bi da karatun ta hanyar da ƙwaƙwalwa ba ta aiki da ita. Masana ilimin halayyar ɗan Adam sun daɗe da rarrabe matakan da bayani yake bi kafin ya zama sani: ido da kunne su ɗauko, hankali ya zaɓa, ƙwaƙwalwar aiki ta riƙe na ɗan lokaci, sannan a adana, sannan a tuno. Kowane mataki yana da iyakarsa da inda yake lalacewa, kuma wanda ya san inda nasa karatun yake zubewa ya san abin da zai gyara.

Ƙofar shiga ƙarama ce

Abin da ido ya gani yakan tsaya a ƙwaƙwalwa ƙasa da daƙiƙa ɗaya, kamar yadda George Sperling ya nuna a 1960, abin da kunne ya ji kuma ya ɗan fi haka daɗewa. In hankali bai kama shi a cikin wannan ɗan lokaci ba, ya tafi. Hankalin kuwa ba ya ɗaukar kaya biyu masu nauyi a lokaci guda. A 1953 Colin Cherry ya sa mutane sauraron magana biyu, ɗaya a kunnen dama ɗaya a na hagu, aka ce su riƙa maimaita ta kunne ɗaya. Da aka tambaye su ɗaya maganar, ba su iya kawo abin da aka ce ba, har an sauya harshe daga Ingilishi zuwa Jamusanci ba su lura ba. A 1999 Daniel Simons da Christopher Chabris suka nuna wa mutane hoton bidiyo na masu jefa ƙwallo, suka ce a ƙirga jifan. Wani ya shigo tsakiyar filin sanye da kayan goggon biri, ya bugi ƙirji ya fita, amma kusan rabin masu kallon ba su gan shi ba. Idonsu na kansa, hankalinsu na wajen ƙirga.

Taura biyu ba ta taunuwa. Mai karatu da WhatsApp a buɗe ba abu biyu yake yi a lokaci guda ba, yana tsalle ne tsakaninsu, kuma duk dawowa sai ya sake neman inda ya tsaya da zaren tunanin da ya saki. Don haka kafin a buɗe littafi, a kai waya wani ɗaki, ko a kashe ta a sa a jaka. Kifa ta a kan tabarma bai wadatar ba, domin hankali yana nan yana jiran ta yi ƙara. Rediyo mai magana da waƙa mai baiti su ma a kashe su, saboda kalmomin da kunne ke ji suna gogayya da kalmomin da ido ke karantawa a wuri ɗaya cikin ƙwaƙwalwa. Ƙarar fanka ko ta ruwan sama ba ta yin wannan ɓarnar, tunda babu magana a cikinta. A gidan yawa, inda shiru ke wuya, lokacin bayan asuba ya fi kowane lokaci dacewa.

Ka yanka zamanka gajere: minti 25 zuwa 30 na karatu, minti 5 na miƙe ƙafa. Wannan adadin ba doka ba ce, wani yana kai minti 45 lafiya. Alamar da za ka bi ita ce in ka kai ƙarshen sakin layi ba ka san abin da ka karanta ba, to hankali ya tashi, ci gaba da zama ɓata lokaci ne. Ka ajiye 'yar takarda a gefe. Duk tunanin da ya faɗo maka, bashin da za ka biya ko saƙon da aka ba ka, ka rubuta shi ka koma karatu. Da zarar ya hau takarda, ƙwaƙwalwa ta huta da riƙonsa.

Tafin hannu da rumbu

Abin da hankali ya zaɓa yana shiga ƙwaƙwalwar aiki. Ita kamar tafin hannu take: abin da za ka damƙa kaɗan ne, in ka ƙara sai wani ya zube. A 1956 George Miller ya ƙiyasta abubuwa bakwai, ko a ƙara biyu ko a rage biyu. Daga baya Nelson Cowan, a 2001, ya nuna in aka hana mutum maimaitawa da haɗa abubuwa, adadin ya fi kusa da huɗu. Ba ta kuma daɗewa da riƙo. Lloyd da Margaret Peterson, a 1959, sun ba mutane baƙaƙe uku kacal, suka sa su ƙirga lambobi da baya don kada su maimaita. Bayan daƙiƙa 18, abin da suka iya tunowa bai wuce kashi 10 cikin 100 ba.

Dabarar ita ce ɗaurewa dami-dami. Lambar waya a Nijeriya 11 ce, ba wanda ke riƙe ta ɗaya bayan ɗaya. Akan faɗe ta kashi uku: huɗu, uku, huɗu, a Nijar kuma lamba takwas bibbiyu. Tafin hannu dami yake ƙirgawa, ba zangarniya ba. Girman damin kuma ya danganta da abin da ka riga ka sani. William Chase da Herbert Simon sun gwada haka a 1973 da 'yan wasan darar Turawa: gwani ya kalli allon wasa na daƙiƙa biyar ya mai da yawancin 'ya'yan inda suke, sabon shiga ya iya kaɗan. Amma da aka watsa 'ya'yan barkatai, ba bisa tsarin wasa ba, fifikon gwanin ya kusa ɓacewa. Ashe ba girman ƙwaƙwalwa ya fi su ba, tsarin da ya sani ne yake haɗa masa abu goma ya zama ɗaya.

A aikace, kada ka tunkari babi gaba ɗayansa. Ka fara duba kanun babin da zane-zanensa na minti biyu ko uku, don ka san inda aka dosa. Sannan ka raba shi gida-gida, kowane gida kada ya wuce sababbin batutuwa uku ko huɗu. In ka ci karo da kalmar da ba ka sani ba, ka tsaya ka nemo ma'anarta. Kalmar da ba a gane ba tana cin gurbi guda a cikin huɗun nan, in suka kai uku a sakin layi ɗaya babu sauran wurin fahimta. A lissafi ka rubuta kowane mataki a takarda. Yawancin kurakuran da ake kira sakaci daga nan suke fitowa: an riƙe lamba a ka, an juya ga mataki na gaba, ta zube.

Rumbu kuma shi ne ma'ajiya mai daɗewa, kuma ba a san iyakar abin da yake ɗauka ba. Hujjar cewa tafin hannu daban rumbu daban ta fito fili a kan wani Ba'amurke, Henry Molaison. A 1953 aka yi masa tiyata saboda farfaɗiya, aka cire masa yawancin wani sashe na ƙwaƙwalwa da ake kira hifokamfas a ɓangarori biyu. Ya ci gaba da hira lafiya, yana iya riƙe lamba muddin yana maimaita ta, yana tuna ƙuruciyarsa, amma sabon abu ba ya zama. Masaniyar halayyar ɗan Adam Brenda Milner ta yi shekaru tana aiki da shi, duk zuwa sai ta sake gabatar da kanta.

Ma'ana ce ke shigar da kaya rumbu

Maimaita magana a baki ba tare da tunani ba yana riƙe ta a tafin hannu ne kawai. Fergus Craik da Endel Tulving sun nuna a 1975 cewa kalmar da aka yi tambaya kan ma'anarta ta fi zama nesa ba kusa ba a kan wadda aka tambayi yadda aka rubuta ta. Saboda haka bayan kowane gida ka yi wa kanka tambaya biyu: me ya sa haka yake, kuma da me ya yi kama a cikin abin da na riga na sani? In darasin da Turanci ko Faransanci yake, ka faɗe shi da Hausa da kalmominka. Inda harshenka ya sarƙe, nan ne ba ka gane ba, ko da kana iya rera jimlar littafin kamar aku. Misali ɗaya naka na kanka ya fi na littafi uku, domin kafin ka ƙirƙiro shi sai ka fahimci ƙa'idar.

Rufe littafi

Wannan shi ne matakin da ya fi kowane muhimmanci, kuma shi ɗalibai suka fi gudu. Ganewa daban, tunowa daban. Kana iya ganin mutum a kasuwa ka san ka san shi, amma sunansa ya ƙi zuwa. Maimaita karatu ganewa yake ƙarfafawa. Shafin ya zama sananne, ido yana gudu a kansa ba tuntuɓe, sai zuciya ta ɗauki wannan sauƙin a matsayin sani. A zauren jarrabawa kuwa babu shafin, farar takarda ce, tunowa ake nema.

Henry Roediger da Jeffrey Karpicke sun gwada wannan a Amurka a 2006. Wasu ɗalibai suka karanta rubutu a zama huɗu. Wasu suka karanta a zama ɗaya, sannan sau uku suna rubuta abin da suka tuna ba tare da dubawa ba. Bayan minti biyar masu maimaita karatu ne a gaba, kashi 83 cikin 100, masu tunowa 71. Bayan mako guda abin ya juye: masu tunowa 61, masu maimaitawa 40. Abin lura shi ne masu maimaitawar su ne suka fi amincewa da kansu. Hanyar da ta fi daɗi a lokacin karatu ita ce ta fi zubar da kaya daga baya, kuma wannan ne ya sa take da wuyar bari.

Ga yadda ake yi. Karanta gida ɗaya a natse, sau ɗaya ko biyu. Rufe littafin ruf, ba rabi-rabi ba. Ɗauki farar takarda ka rubuta duk abin da ka tuna, ko ka faɗa da murya. In ya ƙi zuwa, kada ka yi saurin leƙawa, ka ba shi kamar rabin minti kana lalube, domin wannan laluben shi ne aikin da ke ƙarfafa hanyar. Daga nan ka buɗe ka gwada, ka cike abin da ka bari da biro mai wani launi, ka gyara abin da ka kawo ba daidai ba. Duba amsa wajibi ne. Wanda ya tuno kuskure bai gyara ba, kuskuren ya ƙarfafa. Sai ka sake rufewa ka gwada wuraren da ka faɗi kawai. A duk awa ɗaya, kamar minti 20 na karatu ne, sauran na tunowa da gyara.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya zauna a makarantar allo. Almajiri ba ya wanke allonsa sai ya biya wa malam ba tare da dubawa ba, mai hadda kuma ba ya dogara da ƙari, kullum yana komawa tilawar baya, in ba haka ba izu ya kwance. Ɗalibin boko da ya taso da wannan horon yakan ajiye shi a ƙofar aji, ya koma ja wa layi alkalami mai launi. Wani nazari da John Dunlosky da abokan aikinsa suka fitar a 2013 ya auna dabarun karatu goma. Gwada kai da rarraba bita ne suka zo a sama, ja wa layi launi da maimaita karatu suna cikin na ƙasa. Bambancin da za a kiyaye shi ne, a hadda lafazi ake tsarewa harafi da harafi, a kimiyya ko tarihi kuwa ma'ana ake so, don haka ka tuno da kalmominka. Ma'anonin kalmomi, ƙa'idojin lissafi da shekaru ne kawai ake riƙewa yadda suke.

Tambayoyin WAEC, NECO da JAMB na shekarun baya kayan aiki ne masu kyau, in an amsa kafin a duba amsa. Wanda ke karanta tambaya da amsarta a tare ya mai da su wani littafin maimaitawa.

Yaushe za a koma

Hermann Ebbinghaus, Bajamushe, ya wallafa bincikensa kan mantuwa a 1885. Ya haddace jerin gaɓoɓi marasa ma'ana, yana auna abin da ya rage bayan lokaci. Bayan minti 20 kimanin kashi 58 cikin 100 ne ya rage, bayan awa ɗaya 44, bayan kwana ɗaya kusan 34, bayan wata guda 21. Karatu mai ma'ana ba ya zubewa da wannan saurin, amma siffar ɗaya ce: babbar asara tana faruwa ne da wuri, daga baya ta lafa.

Awa shida da aka raba kwana shida ta fi awa shida a dare ɗaya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Nicholas Cepeda da abokansa sun gano a 2008 cewa tazarar da ta fi dacewa ta danganta da tsawon lokacin da ake son a riƙe abin, kusan kashi 20 zuwa 40 cikin 100 na wannan lokacin in mako guda ne, 5 zuwa 10 in shekara ce. Tsari mai sauƙin bi shi ne ka tuno sabon darasi a daren ranar, sai washegari, sai bayan kwana uku, sai bayan mako, sai bayan wata. In ka dawo ka tarar abin ya zo ba wahala ko kaɗan, ka tsawaita tazarar. In ka tarar babu komai, ta yi tsawo, ka rage.

Ga abubuwa ƙanana masu yawa, kamar kalmomi, shekaru da alamomin sinadarai, akwai tsarin da ɗan jaridar Jamus Sebastian Leitner ya fito da shi a 1972. Ka yanka kwali ƙanana, tambaya a fuska ɗaya, amsa a baya, abu ɗaya tak a kowane kati. Ka samu ambulan huɗu. Na farko ana duba shi kullum, na biyu bayan kwana uku, na uku mako-mako, na huɗu bayan mako biyu. Katin da ka ci ya matsa gaba, wanda ka faɗi ya koma na farko ko daga ina yake. Kada sababbin katuna su wuce 15 zuwa 20 a rana, in ba haka ba cikin mako biyu bita za ta taru ta fi ƙarfinka ka watsar. Kuskuren da aka fi yi shi ne juya kati kafin a furta amsa, sannan a ce ai dama na sani.

Abubuwa masu kama da juna

Wani lokaci abin yana cikin rumbu, wani mai kama da shi ne ya tare ƙofa. Mahaddata sun san wannan a ayoyin da suka yi kama, inda mai tilawa zai zame daga wata sura ya faɗa wata, kuma maganinsu shi ne jera su wuri ɗaya a kiyaye inda suka rabu. Haka za ka yi da ƙa'idoji biyu da suke rikita ka: shafi ɗaya, layi a tsakiya, ka rubuta bambancin kawai.

A lissafi, ka gauraya nau'o'in tambayoyi. Doug Rohrer da Kelli Taylor sun koya wa ɗalibai lissafin cikin siffofi huɗu a 2007. Waɗanda suka yi kowane nau'i a jere sun fi ci a lokacin atisaye, amma bayan mako guda suka samu kashi 20 cikin 100, masu gaurayawa suka samu 63. Dalili a bayyane yake. In tambaya goma a jere duk ƙa'ida ɗaya suke so, ba ka taɓa koyon zaɓar ƙa'ida ba, alhali a jarrabawa zaɓen shi ne rabin aikin. Ka fara da uku ko huɗu na sabon nau'i har hannunka ya faɗa, sannan ka cakuɗa da na makonnin baya. Haka kuma tsakiyar jeri ya fi farko da ƙarshe saurin ɓacewa, don haka wani lokaci ka fara bita daga tsakiya.

Barci da ranar jarrabawa

A cikin barci ne ƙwaƙwalwa take daidaita abin da aka koya da rana. Tun 1924 John Jenkins da Karl Dallenbach suka nuna cewa wanda ya yi barci bayan hadda ya fi wanda ya zauna a farke na tsawon lokaci ɗaya riƙewa. Baligi yana buƙatar awa 7 zuwa 9, matashi 8 zuwa 10. Kwana karatu asara biyu ce: abin da aka karanta bai zauna ba, gobe kuma hankali da ƙwaƙwalwar aiki sun raunana. Goro, shayi mai kauri da kofi suna ɗauke da sinadarin kafin mai hana barci, wanda jiki ke ɗaukar kimanin awa biyar kafin ya rage rabinsa, don haka wanda aka sha bayan la'asar yana nan a jiki lokacin kwanciya.

Fargaba ma gurbi take ci a tafin hannun nan, shi ya sa wanda ya iya a gida yake daskarewa a zaure. Maganinta shi ne a saba tun da wuri: aƙalla sau biyu ko uku kafin ranar, ka zauna a kujera, ka sa agogo, ka amsa cikakkiyar takarda ba littafi ba waya. In a zauren amsa ta tsaya maka a bakin harshe, kada ka yi ta dannawa, domin kalmar da ba ita ba ce za ta yi ta dawowa. Ka rubuta a gefen takarda duk abin da ke kewaye da ita, babin da take ciki, misalin da ka ba kanka, harafin da kake jin da shi ta fara. In ba ta zo ba cikin minti ɗaya, ka sa alama ka wuce tambaya ta gaba, ka dawo mata bayan ka amsa biyu ko uku.